Iyakar Saurin DTR da RTS a Adaftar USB: Jagora ga Mai Gyara da Mai Ƙira

Mai gyaran dikoda da ke yin filashin ta wayar RS-232 ba ya ganin laifin adaftar USB. Yana jona ta a laftof, ya zaɓi COM3, fayil ya shige lafiya lau. Amma wanda ya ɗauko tsohuwar furogirama irin wadda manhajar PonyProg ke tuƙawa, ya jona ta a wannan adaftar dai, sai ya ga aikin da tsohuwar kwamfutar tebur ke gamawa cikin 'yan daƙiƙoƙi ya doshi awa guda, ko kuma ya watse a tsakiyar hanya. Adaftar ba ta lalace ba, kuma ba lallai jabu ce ba. Na farko yana tura bayanai ne ta layukan TXD da RXD, aikin da aka ƙera adaftar dominsa. Na biyu kuwa yana ɗaga layukan sarrafawa yana saukewa da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne USB ke da iyakar da ba a rubuta a jikin kwali.

Ƙafafun da ake magana a kai

Ƙa'idar RS-232 ta fito ne a Amurka a 1960, domin haɗa na'urar rubutu da modem. Soket mai ƙafa tara da muka saba gani ya yaɗu ne da kwamfutar IBM PC/AT ta 1984. A cikinsa ƙafa ta 2 ita ce RXD, ta 3 TXD, ta 5 kuma ƙasa. Sauran shidan su ne layukan sarrafawa. Biyu na fita daga kwamfuta: DTR a ƙafa ta 4 da RTS a ƙafa ta 7. Huɗu na shigowa: DCD a ta 1, DSR a ta 6, CTS a ta 8, RI a ta 9. Asalin aikinsu gaisuwa ce tsakanin kwamfuta da modem: na shirya, ka shirya, layi ya haɗu, waya tana ƙara. Ba wanda ya yi tunanin za a buƙaci su yi gudu.

Sai dai masu ƙira sun lura da wani abu a tsohuwar kwamfuta. IC ɗin da ke kula da tashar, wato 8250 da magadansa 16450 da 16550, yana zaune ne kai tsaye a kan madabod. COM1 tana adireshi 0x3F8, rajistar da ke riƙe da DTR da RTS kuma tana 0x3FC. Umarni guda na furosesa ya isa ya ɗaga ƙafar, cikin kimanin maikrosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Da wannan saurin mutane suka mayar da RTS layin agogo, DTR layin bayanai, CTS layin karatu, suka riƙa rubuta EEPROM da maikrokwantrola da 'yan rasistoci da dayod kawai. Dabara ce mai kyau, kuma ta rufa wa ɗalibai da masu gyara asiri shekaru da yawa. Amma gaba ɗayanta ta dogara ne a kan cewa tsakanin manhaja da ƙafar soket babu wani shamaki.

Abin da USB ya sa a tsakani

A adaftar USB, IC ɗin ya bar madabod ya koma can ƙarshen waya. Yana iya zama FT232R na kamfanin FTDI da ke Gilasgo a Sikotilan, ko PL2303 na Prolific da ke Taiwan, ko CP2102 na Silicon Labs da ke Amurka, ko CH340 na WCH da ke Nanjin a ƙasar Sin, wanda ya cika kasuwa saboda arha. Duk waɗannan huɗun suna aiki ne a matakin USB mai gudun megabit 12 a daƙiƙa. A wannan matakin an yanka lokaci zango-zango, kowane zango milisakan ɗaya, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kuma na'ura ba ta da ikon yin magana sai kwamfuta ta tambaye ta.

Bayanan TXD da RXD ba sa jin wannan tsari, domin a dunƙule suke tafiya. Direba yana tara bayit masu yawa, ya tura su ƙunshi-ƙunshi, kowanne bai wuce bayit 64 ba, IC ɗin ya ajiye su a ma'ajiyarsa, sannan ya riƙa fitar da su da agogon kansa daidai da baud ɗin da aka zaɓa. Shi ya sa FT232R ke iya kaiwa baud miliyan 3 ba tare da haki ba. Sauya DTR ko RTS kuwa ta wata hanya daban yake bi, wadda USB ya tanada domin umarni. Kowane sauyi guda saƙo ne mai zaman kansa: kwamfuta ta aika buƙata, IC ya aiwatar, ya tabbatar, direba ya ji tabbacin, sannan manhaja ta samu damar aika na gaba. Kamar mutumin da ke da mota mai ɗaukar buhu ɗari ne, amma idan ashana yake so sai ya aiki yaro kasuwa ya sayo tsinke ɗaya, ya jira ya dawo, sannan ya sake aikensa na biyu.

Tsofaffin masu kula da USB na zamanin UHCI da OHCI ba sa sanar da direba cewa aike ya kammala sai zango ya ƙare. Ke nan kowane sauyi yana cin aƙalla milisakan ɗaya, sau da yawa ma biyu ko uku. Sama da ƙasa sauyi biyu ne, don haka mafi saurin abin da za a samu bai wuce 500 Hz ba. Kwamfutocin zamanin USB 3.0 masu xHCI suna iya yin ƙasa da milisakan ɗaya, haka ma IC masu matakin megabit 480 irin su FT232H da FT2232H, inda zangon ya koma maikrosakan 125. Wannan ci gaba ne, amma tsakanin maikrosakan 125 da maikrosakan ɗaya na tsohuwar tasha har yanzu akwai tazarar sama da ninki ɗari.

Kada ka wahalar da kanka da ƙara baud. Baud agogon TXD da RXD ne kaɗai. Ko ka sa 300 ko 921600, DTR da RTS ba su san an yi ba.

Lissafi zai nuna girman matsalar. ATmega328P, IC ɗin da ke kan Arduino Uno, yana da ma'ajiyar bayit 32,768. Wajen rubuta shi ta ISP, kowane bayit yana tafiya ne cikin umarni mai bit 32, kowane bit kuma yana buƙatar sauyi uku: saita layin bayanai, ɗaga agogo, sauke agogo. Jimla ta haura sauyi miliyan 3. A milisakan ɗaya kowanne, minti 52 ke nan, kafin a zo tantancewa, wadda za ta ci kwatankwacin haka. Tsohuwar tasha tana gama waɗannan sauye-sauyen cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ƙaramin EEPROM kamar 24C16, mai bayit 2,048, ya fi sauƙi: bugun agogo tara ga kowane bayit, kusan minti ɗaya gaba ɗaya. Wannan ne ya sa wani zai rantse maka adaftarsa tana aiki da PonyProg, wani kuma ya rantse ba ta yi. Girman IC ɗin da kowanne ya gwada ne ya bambanta.

Jinkirin ma da sauƙi a kan rashin tabbas. USB ya yi alkawarin saƙon umarni zai isa, bai yi alkawarin yaushe ba. Idan kyamara ko filas na raba hanya ɗaya da adaftar, ko tsarin kwamfuta ya juya ga wani aiki, bugun da ya kamata ya zama milisakan ɗaya sai ya zama biyar. A Windows akwai ƙarin tarko: agogon da ake jira da shi yana bugawa ne duk milisakan 15.6 idan ba a daidaita shi ba, don haka manhajar da ta ce a jira milisakan ɗaya tana iya yin barcin sha biyar. Mutane da yawa suna ɗora wa adafta laifin da na wannan agogon ne.

Auna taka da kanka

Tun da sakamakon ya danganta da IC da direba da kwamfuta, ba wata lamba da za a ba ka ta fi wadda ka auna. Da Python da pySerial, wannan ya isa:

import serial, time
p = serial.Serial("/dev/ttyUSB0")
t = time.perf_counter()
for i in range(1000):
    p.dtr = True
    p.dtr = False
print(time.perf_counter() - t)

A Windows sai ka sa "COM3" ko lambar da tashar ta samu. Raba abin da ya fito da 2000, ka samu lokacin sauyi guda. A ƙarƙashin waɗannan layukan, Windows na kiran EscapeCommFunction, Linux kuma ioctl mai TIOCMBIS da TIOCMBIC. Sake rubuta gwajin da C ba zai sauya abu mai yawa ba, domin ba Python ke jan ƙafa ba, jiran USB ne.

Lambar da manhaja ta bayar matsakaici ce kawai, tana ɓoye bugun da ya fi kowanne muni, alhali shi ne ke ɓata aiki. Don haka ka duba ƙafar kanta. Osiloskof ya fi, amma ƙaramar lojik analaiza mai layi takwas da manhajar PulseView ta wadatar. Ka kula: irin waɗannan analaiza na volt 5 ne, ƙafar RS-232 ta gaskiya kuwa tana iya kaiwa volt 15 sama ko ƙasa da sifiri, saboda haka a kan adaftar mai matakin volt 3.3 ko 5 za ka jona ta. Wanda ba shi da ko ɗaya yana da kunne. Saurin da ake magana a kai yana cikin abin da kunne ke ji, don haka ƙaramar fiyezo marar da'irar ƙara a cikinta, da rasista ta kilo-om ɗaya tsakanin DTR da ƙasa, za ta faɗa maka gaskiya. Sauti mai tsabta yana nufin bugun ya daidaita, mai gurnani da yankewa yana nufin lokacin yana rawa. Ka kwafi babban fayil zuwa filas yayin da gwajin ke gudana, ka saurari yadda muryar ke sauyawa.

Ka tuna kuma da juyin ma'ana. A adaftar volt 3.3 ko 5, idan manhaja ta ce DTR ya kunnu, ƙafar sauka take yi zuwa sifiri. A soket mai ƙafa tara kuwa hawa take yi zuwa volt na sama da sifiri.

Domin auna ɓangaren karatu, haɗa ƙafa ta 7 da ta 8 da guntuwar waya, ka ɗaga RTS, ka ƙirga tsawon lokacin da CTS zai ɗauka kafin manhaja ta ga ya sauya. A nan za ka ci karo da shawarar da ake yawan bayarwa, cewa a rage Latency Timer na FTDI daga 16 zuwa 1. A Windows yana cikin Device Manager, a saitunan tashar, ƙarƙashin Advanced. A Linux fayil ne mai suna latency_timer cikin /sys/bus/usb-serial/devices/ttyUSB0/. Shawarar tana da amfani, amma ba ga abin da mutane ke zato ba. Aikin wannan agogon shi ne yanke tsawon lokacin da IC zai jira kafin ya tura ƙunshin da bai cika ba zuwa kwamfuta. Yana gaggauta gajerun amsoshi masu shigowa. Ba ya taɓa saurin fitar DTR da RTS ko kaɗan. Wani abin lura kuma, na'urorin da ke bin ƙa'idar gama-gari ta CDC ACM, waɗanda Linux ke kira ttyACM0, suna ba da rahoton DCD da DSR da RI, amma ƙa'idar ba ta tanadi wurin CTS ba sam.

Wane aiki ne ke yiwuwa, wane ne ba ya yi

Ma'aunina shi ne a nemi mafi gajeren lokaci a cikin siginar da ake so. Idan ya kai milisakan 50, ka yi aikinka hankali kwance. Tsakanin 10 da 50, sai an auna kuma an gyara agogon jira. Ƙasa da milisakan biyar, a nemi wata hanya tun kafin a ɓata rana.

Kunna rile, tayar da na'ura, danna PTT na rediyo ta RTS, duk suna cikin rukunin farko. Arduino ma haka: DTR ya faɗi, kafasita ta 100 nF ta mayar da faɗuwar gajeren bugu a ƙafar RESET, shi ke nan. Masu rediyon sha'awa da ke buga Morse ta DTR suna tsakiya. Tsawon ɗigo shi ne 1200 a raba da adadin kalmomi a minti, wato milisakan 48 a gudun kalma 25. Kuskuren milisakan ɗaya ko biyu ba ya damun kunne, amma na 15.6 kusan sulusin ɗigo ne, kuma shi ya sa masu gasa suka koma ga WinKeyer na K1EL, wanda ke karɓar haruffa ya buga su da agogonsa. Rimot na infrared mai ƙa'idar NEC, da bugunsa na kusan maikrosakan 560, da injin servo mai son bugun milisakan 1 zuwa 2, waɗannan ba sa yiwuwa. Bugun PPS na GPS da ake shigarwa ta DCD domin daidaita agogo yana isowa, amma da rawar da ta kai tsawon zango guda.

ESP8266 da ESP32 sun cancanci a tsaya a kansu, domin matsalarsu ba ta gudu ba ce, ta haɗa layi biyu a lokaci ɗaya ce. Allunansu suna da taransista biyu da ke haɗa DTR da RTS zuwa EN da GPIO0. Manhajar esptool tana riƙe EN a ƙasa na milisakan 100, sannan ta saki EN ta ja GPIO0 ƙasa na milisakan 50, domin IC ɗin ya farka a yanayin karɓar filashin. Sakin wannan da jan wancan saƙo biyu ne daban, kuma a ratar da ke tsakaninsu IC na iya farkawa kafin GPIO0 ya sauka, sai ka ga ana ta ƙoƙarin haɗuwa ba a dace ba. Maganin a allo shi ne kafasita ta 1 µF ko sama tsakanin EN da ƙasa, domin ta jinkirta farkawar. A manhaja kuwa, Linux yana da TIOCMSET, wanda ke saita layukan biyu da kira ɗaya. Duk mai rubuta tasa manhajar ya yi amfani da shi a inda jerin sauyin ke da muhimmanci.

Inda na fi ganin ana shan wahala shi ne RS-485, layin da mitoci da inbatoci masu Modbus ke amfani da shi. Wayoyi biyu ne ake magana da saurare a kansu, don haka dole a kunna mai aikawa kafin magana, a kashe shi da an gama. A da RTS ke wannan aiki. A USB, bayanai da umarnin RTS hanyoyi biyu suke bi, ba kuma abin da ke ɗaure su tare. Manhaja tana ganin ta gama rubutu alhali bayit na ƙarshe suna cikin ma'ajiyar IC. Ta sauke RTS da wuri, ta yanke wutsiyar saƙo. Ta yi jinkiri, ta take amsar mita, wadda a baud 9600 tana iya farawa bayan shirun milisakan huɗu kacal. Ƙara jira da rage jira ba ya warkar da wannan, yana dai rage yawan faruwarsa. Ka sayi adaftar da ke juya layin da kanta. FT232R yana da ƙafar TXDEN domin wannan aikin takamaimai, tana hawa da fara aikawa, ta sauka da fitar bit na ƙarshe. Haka abin yake da tsayar da bayanai ta RTS da CTS: idan ka kunna shi a saitunan tashar, a IC na FTDI da Silicon Labs IC ɗin ne ke lura da CTS da kansa, jinkirin USB bai shiga ciki ba.

Mayar da agogo can ƙarshen waya

Duk hanyoyin da ke aiki suna da tushe ɗaya: a tura umarni a dunƙule, a bar wani abu a ƙarshen waya ya kula da lokaci. Mafi arha ita ce amfani da TXD kanta. Aika 0x55 a jere da saitin 8N1 yana fitar da sama da ƙasa daidai wa daida a rabin baud, wato 57.6 kHz a 115200. Da irin wannan dabarar ake magana da na'urorin 1-Wire kamar ma'aunin zafi DS18B20: 0xF0 a baud 9600 domin tayarwa, sannan a 115200 kowane bayit guda ya tsaya a madadin bit guda.

FT232R yana da yanayin bit-bang, inda kowane bayit da aka tura ke zama hoton ƙafafu takwas a lokaci ɗaya. Ya fi DTR sauri nesa ba kusa ba, sai dai FTDI da kansu sun sanar cewa faɗin bugunsa ba ya daidaita, don haka ya dace da siginar da ke da layin agogo kamar SPI, bai dace da wadda ke auna tsawon bugu ba. FT232H da FT2232H suna da injin MPSSE da ke yin SPI da I2C da JTAG har 30 MHz. Mai rubuta EEPROM na talabijin ko BIOS na laftof ya nemi CH341A, mai AVR ya nemi USBasp, mai PIC ya nemi PICkit. Tsohuwar furogiramar JDM, wadda ita ma da layukan sarrafawa take aiki, tana da matsala ta biyu: tana tatsar kusan volt 13 na rubutu daga tashar kanta, adaftocin USB da yawa kuwa ba sa wuce volt 6. Idan kuma tsohuwar manhajar ce dole, duba madabod ɗin kwamfutar tebur, da yawa suna da ƙafafu masu alamar COM da ke jiran a jona musu soket, ko a sa katin PCIe mai tashar siriyal ta gaskiya.

Abu na ƙarshe ya shafi lafiyar kayan aiki. Linux yana ɗaga DTR da RTS da zarar an buɗe tashar, kafin manhajarka ta ce komai, kuma yana sauke su idan an rufe, sai dai in an kashe wannan da stty -hupcl. Wasu adaftocin ma suna motsa layukan lokacin da aka cusa su ko kwamfuta na tashi. Idan rile mai kunna famfo ko mai aika rediyo ne a ƙarshen layin, ka ƙera da'irar yadda ba za ta kunnu ba sai RTS na kunne DTR kuma na kashe, sannan ka ƙara rasista da kafasita da za su haɗiye duk bugun da bai kai milisakan 100 ba. Ka gwada cusa adaftar da cire ta, da kashe kwamfuta da kunna ta, da ƙaramar fitilar LED a madadin rile kafin ka jona ainihin kayan.